Kafin ka sayi C63 ɗin nan da dila ya ce maka "tsaf take"

1/ Jiya a majalisa wani ƙaninmu ya ce ya tara 'yan kuɗi. Yana da Corolla ta zuwa aiki, yanzu yana son ƙara motar wasa tokumbo wadda zai riƙa fita da ita Asabar da Lahadi. Kafin ya rufe baki mutum huɗu sun ce C63, ɗaya ya ce 335i. Cikin su biyar ɗin babu wanda ya taɓa biyan kuɗin juyen baƙin mai na irin waɗannan motocin. Ni na biya. Zare ne, kuma mai tsawo 🧵

2/ Bari in fara sallamar 'yan "ai da fili ka saya". Na ji, Allah ya saka da alheri. Amma yaron nan guminsa ne, ba a bin sa bashi. Kakanninmu sun ɗaure dawaki a turke ba don noma ba, sai don hawan sallah da kilisa da yamma. Rigimata ba da sha'awarsa ba ce, da masu ba shi shawara nake.

3/ Wanda ya taɓa riƙe doki ya san ko kyauta aka ba ka shi cikinsa ba ya raguwa. Harawa, dusa, gero, kanwa, ga mai kula da shi. C63 ta 2010 da take sabuwa a Amurka ta haura dala 50,000. Yau kuɗinta ya faɗi warwas, shi ya sa hannunka ya kai. Amma birkinta da tayarta da injinta har gobe na motar dala 50,000 ne, kuma a haka za a sayar maka da su.

4/ Kar a fahimce ni baibai, motar ta haɗu. Injin lita 6.2, silinda 8, ƙarfin doki 451, babu turbo, tsabar girma ne kawai. In aka tayar da ita da safe unguwa sai ta sani. Ni kaina in na ji ƙararta sai na waiga.

5/ To amma zo mu yi lissafi. A cikin gari kusan kilomita 5 take yi da lita ɗaya, shi ma in kana tafiya kamar mai kai amarya. Tankinta lita 66. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai ₦200 ba ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024. A wannan farashin cika tanki ₦66,000 ne. Kai kuma ba don ka lallaɓa ta ka saye ta ba.

6/ Baƙin mai sama da lita 8 take sha, kuma ba na galan ɗin bakin titi ba. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, kuma na bayan ne ke cinyewa. Duk hayaƙin nan da kuke ɗauka a bidiyo kuna ihu, kuɗin mai motar ne ke tashi sama. Ga su sirara, rami ɗaya a titin unguwarku ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim.

7/ Na shekarun farko kuma an san su da matsalar kusoshin da suka ɗaure kan injin. Kan kusar na iya ɓallewa, ruwan lagireto ya sulale cikin injin. Wanda ya san motar, tambayarsa ta farko ita ce an canza su ko ba a canza ba. Cikin masu cewa "C63 kawai, alaji" a majalisa, wa ya san da zancen?

8/ Mai 335i, kai ma zo nan. Injin N54 na 2007 zuwa 2010: silinda 6, turbo biyu, doki 300, kuma da ɗan taɓa kwamfutarta sai ƙarfin ya tashi sosai. Shi ya sa gayu ke son ta. Amma BMW da kansu a 2010 suka yi kiranyen motoci kusan 130,000 a Amurka saboda famfon mai. Famfon ruwanta na lantarki ne, ba ya yin doguwar jinya, mutuwa kawai yake yi. Yanzu kuma ta haura shekara goma sha a duniya, ta bi hannun mutum uku ko huɗu, kowa ya ƙure ta son ransa.

9/ Wannan fa shi ne abin da ake mantawa. Camry tokumbo wataƙila wata dattijuwa ce ta riƙa zuwa cefane da ita. Mota mai doki 400 babu wanda ya saye ta don cefane. In kuɗinta ya sauko inda matashin can zai iya saya, shi ma irinka ne: ya iya taka totur, bai iya biyan sabis ba.

10/ Sai man fetur. A can gidan mai akwai zaɓi, kuma waɗannan injinan an ƙera su ne don mai mafi inganci. A nan famfo ɗaya ne, abin da ka samu shi za ka sha. Kwamfutar motar za ta ji man bai kai ba, ta rage ƙarfi don kare injin. Wato dokin da ka biya kuɗinsu ma ba duka ne za su zo aiki ba. Haɗa da zafin Afrilu a Kano, digiri 40 da ɗoriya, kana cikin cunkoso, AC a kunne.

11/ In ta tsaya wa zai gyara? Akwai ƙwararru, ban musa ba, a Apo ta Abuja da Kano da Kaduna. Amma ba su da yawa, kuma sun san ba su da yawa. Sauran a kan motarka za su koyi aikin. A canza wannan, a gwada wancan, kowanne da kuɗinka.

12/ Yanzu in ba ku nawa labarin. A 2021 na sayi wata ta Jamus. Ba zan faɗi wace iri ba, don ba laifin masu ƙera ta ba ne, kuma masoyanta kar su cika mini DM. Dila ya ce "ɗan bugu ne kawai a bamba, oga, tsaf take". Fenti yana ƙyalli, kujeru suna ƙamshi, kuɗinta ya yi ƙasa da na sa'o'inta sosai. Na ɗauka ni ne mai wayo. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

13/ Sati uku na more ta. Wallahi sati ukun nan sun yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

14/ Daga nan gilashin ƙofa ya fara sauka da kansa. Sai fitilun dashbod suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. Wata Lahadi da yamma ta mutu a tsakiyar titi, 'yan adaidaita suna zagaye ni suna "sannu alaji". Mai gyaran waya ya ɗaga kafet, sai ga busasshen taɓo a ƙasa, ƙarafan kujera duk tsatsa. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ta yi iyo."

15/ A daren na sa lambar shasinta a Google. Ga ta nan a filin gwanjo a Amurka, launinta, rim ɗinta, da shatin ruwa har tsakiyar ƙofa. Binciken minti biyu ne. Ban yi shi kafin in biya ba saboda ba na son in ji abin da zai hana ni saya. A wata 14 da ta yi a hannuna, ƙarshen makon da na fita da ita bai kai 12 ba. Sauran tana gareji, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

16/ Ga yadda abin yake. Yawancin masu arhar nan daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka ga gyaransu bai cancanta ba. Su can ba sa ɓoyewa, suna rubuta haɗari ne ko ambaliya, har da hotuna. A hanya ne labarin ke canzawa, tsakanin jirgin ruwa da mai fenti. Guguwar Harvey a Texas a 2017 da Ian a Florida a 2022 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Kuna zaton duk narkar da su aka yi?

17/ Ba kowace motar gwanjo ce matsala ba. Wadda aka buga a ƙofa aka gyara da kyau, lafiya lau. Amma mota mai gudu da shasinta ya karkace, ko aka cusa tsumma a gurbin jakar iska aka liƙe sitiyari, wannan a gudun 160 za ka gane. Ta ruwa kuwa ba ta warkewa, wayoyinta ci gaba suke yi da ruɓewa a hankali.

18/ Kuma kayan gyaran da dala ake sayo su. Farkon 2023 dala a hukumance ba ta kai ₦500 ba, a 2024 ta haura ₦1,500. Wanda ya yi lissafin riƙe motar Jamus da tsohon farashi, dare ɗaya ya ga komai ya ninka uku.

19/ Na san abin da za ku ce. "Japan ai motar iyaye ce, ba ta kece raini." To bari in tambaye ka, tuƙi kake so ko kallo? Don abu biyu ne daban. In kallo ne, a ga tambari a sitiyari a status, ka yi hayarta ranar biki, ka ɗau hotunanka, ka mayar wa mai ita da ciwon kansa. Ya fi maka arha nesa ba kusa ba.

20/ In kuma tuƙi ne, duba Nissan 350Z. Kujera biyu, tayoyin baya ke ja, ana samun mai giyar hannu, doki 287 a ta farko. Injinta VQ35 ne, dangin wanda ke cikin Murano da Maxima da Pathfinder da Infiniti FX35 da suka cika titunanmu. Bakanikenka ya taɓa ganin cikinsa. Ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ambaci sunan injin, ba za a tsaya ana kallon ka ba. Tana shan baƙin mai in ta tsufa, cikinta roba ce zalla. Na sani. In kana son kujerar baya, G35 ko G37 'yan gida ɗaya ne.

21/ Ko Lexus IS350 ta 2006 zuwa 2013. Doki 306, wato ta ɗan ɗara 335i yadda ta fito daga kamfani, a takarda dai. Injin dangin 2GR, 'yan uwan na Camry V6 da Highlander da RX350, duk da nata ya bambanta a hanyar shigar mai. Otomatik ce kawai, kuma dashbod ɗin na farkon yana narkewa ya yi danƙo a rana. Amma za ka murza mukulli ranar Asabar ta tashi. Motar wasa ai aikinta ke nan.

22/ Ni wadda ta fi kwanta mini ita ce Toyota 86, wadda a Amurka aka fara sayarwa da sunan Scion FR-S. Doki 200 kacal. Ku yi dariya, na yarda. Amma ba ta da nauyi, an ƙera ta don kwana, kuma za ka iya amfani da duk ƙarfinta ba tare da ka kai gudun da zai kashe ka ba. C63 kafin ka gama jin daɗin giya ta uku titin ya ƙare. Aibinta, injin Subaru ne, kayansa ba su wadata a Arewa ba, ita ma tana son mai mai kyau.

23/ Mai C63 zai wuce ka a miƙaƙƙen titi, ba musu. Ranar da take da lafiya.

24/ Wanda ya ce shi lallai sai Jamus, ban hana ba. Amma ka sayi mafi tsadar da ke kasuwa, mai tarihin sabis, ba mafi arha ba. Kuma in bayan ka biya babu kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta a ajiye don gyara, ba ka kai ba tukuna. Ba zagi ba ne, ni ma ban kai ba lokacin da na saya.

25/ Kowacce ka zaɓa, ka karɓi lambar shasi, VIN, haruffa da lambobi 17. Ka duba Google, ka biya kuɗin Carfax. Ka je da bakanikenka, ba na dila ba, da na'urar duba kwamfuta. Ka ce kar a tayar da ita kafin ka iso, don injin mai sanyi ba ya iya ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka ɗaga kafet. Ka tabbatar da takardun kwastan. Dilan da ransa ya ɓaci saboda waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

26/ Abu ɗaya a gefe. Masu juya mota a titin unguwa ranar ɗaurin aure, yara sun yi da'ira suna kallo, ba na cikinku kuma ba na kare ku. Ku kuka ja ana yi wa duk mai son mota kallon ɗan ganganci. Ku nemi fili a killace.

27/ Ɗazu da safe ƙanin namu ya turo mini bidiyon da wani dila ya aiko masa. C63 baƙa, an saka waya a bakin salansa ana taka totur, daƙiƙa 40, ba a nuna komai ba sai ƙara. Ya rubuto "Yaya ka ji fa 😭". Na ce na ji, ka ce ya turo lambar shasi. Tun ƙarfe 9 ya tambaya. Dilan ya karanta, ya sake turo wani bidiyon.