Lambun Bayan Gida Makarantar Alheri Ne

Tudun Fulani unguwa ce da ke gefen Minna ta wajen Bosso. Tun daga shekarar 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birninta, gari ya yi ta faɗaɗa yana cinye gonaki, sa'an nan kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983 ya ƙara jawo jama'a zuwa wannan sashe. Gwarawa, watau al'ummar Gbagyi waɗanda ƙasar ta kakanninsu ce, da Fulanin da unguwar ta ci sunansu, da Nufawa da Hausawa da sauran ma'aikata daga sassa daban-daban na Nijeriya, duka sun zama maƙwabta, katanga jikin katanga. A irin wannan zama, ƙaramin abu yakan gyara tsakanin mutane, ƙaramin abu kuma yakan ɓata, kuma ɗan lambun bayan gida yana cikin waɗannan ƙananan abubuwa.

Kira ga mazauna birni su riƙa shuka abin miya ba sabon abu ba ne. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta nemi kowa ya noma ɗan filin da ke kusa da shi, har da makarantu. Da aka janye tallafin man fetur a 2023 farashin kayan abinci ya tashi, sai magidanta da yawa suka sake waiwayar fartanya ba tare da an roƙe su ba. Amma malamin ofis da ya girma a birni yakan gane tun ranar farko cewa abubuwa huɗun da lambu yake bukata, watau iri da taki da ruwa da shinge, kusan kowanne a hannun wani yake.

Iri shi ne mafi sauƙin samu, domin kuwa da wuya a ga tsohuwar da za ta hana maƙwabci 'ya'yan kuɓewa ko na yakuwa da ta ajiye a ƙullin tsumma. Zogale ma reshe ɗaya aka sara aka ba mutum ya kafa, ya isa. Taki kuwa yana da tsohon tarihi. A da, in an gama girbi, manomi ne yake gayyatar Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonarsa, shanu su ci kara su bar kashi, manomi ya ba da hatsi, a rabu kowa ya ƙaru. Wanda ya je ruga neman buhun taki ya fara da gaisuwa da tambayar lafiyar dabbobi, to, wannan tsohuwar igiya ce yake sake ƙullawa.

Kuskuren sabon mai lambu shi ne ya zuba ɗanyen kashin shanu ko na kaji a gindin shuka. Zafinsa yakan ƙone saiwa, sai an tara shi an bar shi ya ruɓe tsawon makonni tukuna. Masu wucewa iri biyu ne. Wani zai yi dariya ya kai labari majalisa. Wani dattijo kuwa zai tsaya ya yi sallama, ya ce sannu da aiki, ya tsuguna ya nuna yadda ake yi, ba tare da ya ɗaga murya iyalin mutum su ji ba. Ilmin da ke kan su biyun ɗaya ne, amma na biyun ne kaɗai ya san gyara ba sai da kunyatarwa ba.

Ruwa shi ne babbar jarrabawa. Daminar Minna takan fara wajen watan Afirilu ta kai Oktoba, daga nan sai rani na kusan wata biyar, inda rijiyoyi sukan ja baya sosai kafin saukar ruwan farko. Mai lambu yakan koyi yin ban ruwa da sassafe ko da yamma, ya rufe fangali da busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye laima. Duk da haka, a watan Maris rayuwar tumatirinsa takan rataya ne ga mai rijiyar da ya bar ƙofarsa a buɗe. Bokiti biyu ba za su talauta mai rijiya ba, amma wanda aka bai wa ba ya mantawa.

Sai batun awaki. Akuya guda takan share aikin wata biyu kafin a idar da sallar la'asar, kuma a nan ne zumunci yake yawan tsinkewa. Akwai mai jifan dabba ya karya mata ƙafa, magana ta kai gaban mai unguwa, yaran gidajen biyu su gaji gabar. Akwai kuma wanda zai kora akuyar har gida, ya gaya wa mai ita cikin lumana, sa'an nan ya koma ya duba ɓarakar dangarsa. Mai dabba ma akwai haƙƙi a kansa na ɗaure ta da ba da haƙuri. Alayyafo yakan sake tofowa cikin 'yan kwanaki, amma baƙar magana takan shekara ba ta warke ba.

Ita kanta kuɓewa malama ce. Muddin ana tsinkar ta kowane kwana biyu ko uku, za ta yi ta fure tana ba da sababbin 'ya'ya. In aka yi rowa aka bar su a jiki, sai su ƙosa su yi tauri, uwar kuma ta rage haihuwa. Haka kuma kowace shuka da lokacinta: alayyafo mako uku zuwa huɗu, kuɓewa wajen wata biyu, mangwaro kuwa shekaru. Wanda yake tone ƙasa kullum don ya ga ko iri ya tsiro, kashe shi yake yi, kuma daidai yake da mai alherin da ba ya gajiya da gori.

Ba a ce duk alheri yakan dawo daga inda aka kai shi ba. Akan tsinke wa mai kyauta tattasai da dare, akan kuma ari garma a ƙi mayarwa. Amma manomi ba ya daina shuka don tsuntsaye sun ci wani sashe, kuma da ma Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Akwai inda wannan darasi yake da amfani na gaggawa. Hare-haren 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da ƙauyukansu a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi, wasunsu suka nemi mafaka a Minna da kewayenta. Mutane ne masu sanin ƙasa amma ba su da ita, alhali ga filayen da aka saya aka kewaye ba a gina ba, ciyawa da macizai sun mamaye. Ya kamata masu irin waɗannan filaye su ba da aronsu na damina ɗaya ko biyu, masu unguwa kuma su tsaya shaida a kan sharuɗɗa don kada aro ya zama rigima. Mai fili zai sami wanda zai kula masa da shi, baƙo kuma zai ci guminsa ba tare da ya miƙa hannu ba. Allah ya ba da damina mai albarka da maƙwabta na gari.