Haƙo Uwar Gara Ba Shi Ne Ƙarshen Gara Ba

'Yan'uwana manoma, ga bazara ta kusa, lokacin da mutane kan ɗauki diga da gatari su tasam ma suri, suna neman uwar gara. Waɗansu har sukan biya ma'aikata kuɗi mai tsoka, wai in an ciro ta an huta da gara ke nan. Ni ra'ayina shi ne yawancin wannan wahala asara ce, kuma zan kawo dalili.

Da fari sai mu san mutanen gidan. A cikin suri akwai uwa, watau sarauniya, tare da mijinta, suna zaune cikin wani ɗan ɗaki na yumɓu mai tauri. Akwai ma'aikata masu gini da ɗebo abinci. Akwai zago, masu manyan kawuna, su ne sojan gida. Sa'an nan akwai 'ya'yan sarauta, waɗanda kan yi fiffike su tashi da ruwan fari, su ne gina da yara ke kamawa a gindin fitila. Uwar babban suri takan kai inci 4 ko fiye, takan yi ƙwai dubbai a rana guda, kuma tana iya shekara 20 a duniya, alhali ma'aikaci watanni kaɗan yake yi.

To, abin mamaki, duk waɗannan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Yaya aka yi wannan ya zama soja, wancan ya zama sarki? Masu ilmin halitta sun gane cewa cikin jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin gado, waɗanda ke ɗauke da umurnin yadda jiki zai kasance. Ka ɗauke su kamar fitilu masu yawa cikin gida ɗaya. Kowace gara tana da fitilun duka, amma ba duka ake kunnawa ba. In an kunna waɗansu sai ta zama zago, in an kunna waɗansu sai ta zama mai haihuwa. Abinci, da lokacin shekara, da warin 'yan gida, da wani ruwa da jiki ke zubawa cikin jini, su ke kunnawa su kashe. Kadan ruwan nan ya yi yawa a jikin ƙaramar gara sa'ad da za ta sake fata, sai ta nufi zama soja.

Tun wajen 1950 zuwa 1960 wani masani na ƙasar Suwizalan, Martin Luscher, ya nuna cewa muddin sarki da sarauniya suna nan, sukan hana 'ya'yansu zama masu haihuwa, amma da an ɗauke su sai magada su fito. A 2009 wata malama Bajamusa, Judith Korb, da abokan aikinta suka gwada wata garar itace ta Ostareliya. Suka kashe ƙwayar gado guda ɗaya tak a jikin sarauniya, wadda suka kira Neofem2. Sarauniya tana nan da ranta, amma sai ma'aikata suka shiga tunkuyin juna, kamar yadda sukan yi in gida ya rasa uwa ana neman gadon sarauta. A 2010 kuma Kenji Matsuura na Japan ya gano ainihin warin da sarauniyar wata gara ta can ke fitarwa don kada wata ta taso, har ya ga ƙwai ma suna fitar da shi.

Watau dai sarautar uwar gara wari ne. Ranar da ka ciro ta, ka ɗauke abin da ke danne magada. Gaskiya ne garar surinmu ta bambanta da waɗancan, gama ma'aikacinta ba ya komawa sarki. Amma in akwai 'ya'yan sarauta a ciki, waɗanda ba su tashi ba tukuna, ana iya naɗa wata daga cikinsu. Da bazara kuwa, kafin ruwan fari, gidan cike yake da su. Har wa yau akwai surin da ke da uwa fiye da ɗaya. Ka ga an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Garar da ta fi ɓata mana gyaɗa ba ta gina babban suri. Ƙarama ce, gidanta yana warwatse cikin ƙasa, takan shiga ta saiwa ta rarake kara, ka ga gyaɗa ta yi yaushi ta mutu a tsaye. Wanda ya je ya rushe surin bakin gona saboda wannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Wani zai ce, to, mu zuba wa gara ido ke nan ta cinye mana rumbu? A'a. Surin da ke kusa da rumbu, ko ɗakin ciyawa, ko wurin renon itatuwa, ya cancanci a tone shi, domin babbar gara tana cin jinka, tana sare dashe, wani lokaci har masara. Amma a jira sai gina ta tashi, sa'ad da gidan ya rage magada, kuma a bincika ɗakin sarauta da kyau a tabbata ba a bar kowa ba. Kada kuma a nemi tsofaffin magungunan nan, aldirin da dildirin. Yarjejeniyar duniya ta 2001 ta haramta su, saboda sukan daɗe cikin ƙasa su shiga abinci da ruwan sha.

Game da gona kuwa, rigakafi ya fi magani. Gara ta fi kama shukar da ƙishirwa ko yunwa ta raunana. A sa taki, a yi shuka da wuri, a cire gyaɗa da zarar ta nuna, gama barinta cikin busasshiyar ƙasa gayyatar gara ne. A ɗaga rumbu bisa duwatsu, a riƙa duba ƙafafunsa, a kankare hanyar ƙasa duk inda ta hau.

Kada mu manta kuma gara tana da nata amfani. Manoman Tawa a Nijar sukan haƙa ƙananan ramuka a fako, waɗanda suke kira tassa, su zuba taki a ciki. Gara ta biyo takin, ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga, sai ga gero inda da ko ciyawa ba ta fita.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin haƙa bana, tuge gyaɗa ɗaya da ta mutu, ka tsaga saiwar, ka ga wace gara ce a ciki. In ƙarama ce, ajiye digarka, ka sayi taki da kuɗin.