Tunawa da Baba, masoyin dajin Yankari

Malam Edita,

Ka ba ni fili in tuna da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Baba mutumin daji ne. Ko a cikin garin Bauchi ba ya yarda a sare kuka ko ɗorawa. Da rani yakan kai mu Yankari, dajin da aka keɓe tun 1956, mu jira giwaye su gangaro kogin Gaji shan ruwa. Mu yara dai hankalinmu na kan ruwan ɗumin Wikki.

Yau masu gawayi da mafarauta sun addabi dazuzzukanmu. Ina roƙon gwamnatin jiha ta ƙara masu gadin daji, ta kuma riƙa biyan manoman da giwaye suka yi wa ɓarna.

Naka,
Mai karatu daga Jahun, Bauchi