A Daina Wanke Liyarin Kaka

Watan jiya, bayan an gama rabon gado a gidan wasu danginmu, wani ƙanena ya turo mini hoton liyari huɗu da aka tsinta a ƙasan adakar kakarsu. Kafin hoton ya iso gare ni ya riga ya dirje su da toka da lemun tsami har suna ɗaukar ido. Tambayarsa ɗaya ce: tun da 1780 ke rubuce a jikinsu, ga su kuma fes, nawa za su yi? Sai na ce masa shekarar ba ta tabbatar da komai ba, wankin kuwa ya cinye abin da mai tara tsoffin kuɗi zai biya dominsa. Garin neman gira ya rasa ido.

Ba shi kaɗai ne ke wannan kuskure ba. Da yawa daga cikinmu, har da masu digiri, ƙyalli da shekarar da ke rubuce muke auna kuɗin azurfa da su, alhali su ne shaidu mafiya rauni. Darajar tsabar da ba ta bi ta hannun masu tantancewa ba, ita ce abin da sikeli da ido za su iya tabbatarwa. Duk abin da mai kaya ya faɗa bayan wannan, kirari ne.

Mu fara da shekarar. Liyari shi ne kuɗin azurfar Ostiriya mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda ta rasu a 1780. Fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan yankinmu sun yarda da shi ƙwarai, har ba sa karɓar wanda aka sauya masa kama. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin guda a kan wuri 2,500. A ƙarni na 20 an buga shi a Roma da Landan da Faris da Bombay, kuma har yau ana buga shi a Biyana, duka da 1780 a jiki. Adadin da aka buga ya haura miliyan 300. Liyarin kakarka yana iya girmar Shehu Ɗanfodiyo a sarauta, yana kuma iya zama sa'an mahaifinka.

Sai batun maki. Ma'aunin da kasuwar duniya ke amfani da shi ya tashi daga 1 zuwa 70, kuma asalinsa aikin wani Ba'amurke ne, William Sheldon, a 1949. Daga 60 zuwa sama na tsabar da ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba ne. Kamfanoni irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC, na 1987, kan duba tsaba, su ba ta maki, su rufe ta a cikin roba, su kuma ɗauki alhakin ingancinta. Mai sayar da tsabar da ba ta da wannan shaida, idan ya ce maka tasa ta kai 65, ya ari lambar ne ya bar alhakin. In ta tabbata 45 ce, ba wanda zai mayar maka da ko anini. Saye a kan irin wannan lamba, musamman daga hoton waya, cinikin biri a sama ne.

To me ya kamata a duba? Da farko a tabbatar azurfa ce. Liyari na gaskiya nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, faɗinsa kusan milimita 40, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce. Maganaɗisu ba ya kama shi. A gefensa akwai rubutu da ado da aka buga a fili. Na jabu da aka zuba a mazubi yakan fito da rubutun a dakushe, da ƙananan ramuka a fuska, wani lokaci har da layin haɗi.

Bayan nan a duba gogewa, a wurare mafiya tudu, domin su hannu ke fara ci: gashin da ke saman kunnen sarauniya, kumatunta, ƙananan duwatsun adon kafaɗarta da na goshinta, sai kawunan mikiya da kambunan da ke baya.  Fataken da kan ƙirga duwatsun kafaɗar nan kafin su karɓi liyari, in sun shafe su rage masa daraja ko su ƙi shi. A nan sai an yi hattara, domin wata tsabar tun daga maƙera ta fito da zanen da bai kama sosai ba. Bambancin shi ne wurin da ya goge yakan yi sumul, launinsa ya saɓa da na kewaye.

Na uku shi ne hasken asali, kuma a nan masu wanki ke yin ɓarna. Lokacin bugu, ƙarfe yakan malala ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya rarrabewa. Su ne ke sa haske ya riƙa kewaya fuskar tsaba idan ka karkata ta a ƙarƙashin fitila ɗaya. Toka da man goge haƙori da tsumma suna share waɗannan layuka har abada, su bar ƙyalli irin na cokali, da 'yan karce masu bin hanya ɗaya da madubin ƙara girma ke tonawa nan take. PCGS da NGC ba sa ba tsabar da aka dirje lambar maki ko kaɗan. Haka ma wadda aka huda, ko wadda maƙerin farfaru ya liƙa wa kunne don a rataya a wuya, kamar yadda aka yi wa liyari da yawa a gidajenmu. Duhun da azurfa kan yi da daɗewa kuwa ba datti ba ne, kuma masu tarawa sun fi son sa a kan farin wanki.

Wani zai ce, to a aika komai waje a tantance mana. Wannan ma ba mafita ba ce. Kuɗin tantancewa da na aikawa suna iya cinye ribar liyari gama-gari, wanda farashinsa bai cika nisa da na azurfar giram 23 da ke cikinsa ba. Su kansu ƙwararrun sukan saɓa da maki ɗaya ko biyu. Tantancewa ta cancanci tsabar da alamu suka nuna tsohon bugu ce ko mai wuyar samu. Sauran kuwa, ilimin mai su ne kariyarsu.

Saboda haka in za ka saya, ka yi ciniki a kan mafi ƙarancin makin da idonka ya tabbatar, ka kuma yi sharaɗin mayarwa. In gado ka ci, ka riƙe tsabar ta gefe, ka auna ta, ka adana ta a busasshen wuri, kada ka kusance ta da toka. Ƙanena yanzu ya san nasa ba za su wuce kuɗin azurfarsu ba. Biyu daga ciki masu huda ne, waɗanda kakarsu ta rataya ranar aurenta, kuma ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne.