Kafin mu ɗora jarumanmu a jirgin ruwa



Mun saba, da an ɗaura auren jarumi da jaruma sai mu tura su ƙasar waje, mu ɗora su a jirgin ruwan da iska ke turawa, su yi iyo rana na faɗuwa, su ci abincin dare. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar, yawancinmu daga hoton Instagram muke kwaso yanayin.

Mu ɗauki tsibirin Santorini na ƙasar Girka, inda wannan yawo ya shahara. Jirgin yana kewayawa ne cikin ƙaton ramin da dutse mai aman wuta ya bari, teku ta cike shi. Ɗaya daga wuraren iyon, ruwansa launin tsatsa ne, yana warin farar wuta, yana ɓata farin tufafi. Ruwan teku na da gishiri, yana yaji a ido. Rana na faɗuwa iska ta yi sanyi. Wanda bai saba ba, jiri da tashin zuciya kan hana shi taɓa gasasshen kifin.

Amma jarumarmu, wadda ko kwale-kwale ba ta taɓa shiga ba, sai ta faɗa teku ta fito jan bakinta bai goge ba. Ina ta koyi iyo? Magariba fa, yaya suka gane alƙibla jirgi na juyawa?

Mai karatun da ya taɓa zuwa, a nan zai ajiye littafin. Mu bincika kafin mu rubuta, ko mu kai su bakin kogi a Yawuri, inda muka san ƙamshin ruwan.