Kyamara Mai Ido Biyu Ta Fi Yi Wa Matafiyi Rana

Duk wanda ya yi niyyar sayen kyamarar fim mai fitar da hoto murabba'i, sunan da za a fara ambata masa shi ne Hasselblad. Ba a banza ba. Kyamarorin wannan kamfani na ƙasar Suwidin ne 'yan sama jannatin Amurka suka tafi da su duniyar wata a 1969, kuma samfurin 500C da ya fito a 1957 har gobe ana yi masa kirari. Amma ga mai bin ƙauyuka da kasuwanni da jaka a kafaɗa, tsohuwar Rolleiflex ta fi.

Fim ɗaya suke ci, mai lamba 120 da Kodak ya fito da shi a 1901. Kowane naɗi hoto 12 ne kacal, kowanne kusan santimita 6 tsawo da faɗi, don haka babu ruwan mutum da juya kyamara tsaye ko kwance.

Rolleiflex, wadda aka fara sayarwa daga Jamus a 1929, ido biyu gare ta: na sama na leƙawa, na ƙasa na ɗauka. Mai ita yakan rataye ta daidai cibiya, ya sunkuyar da kai kamar mai ƙirga canji a tafin hannu. Tsohuwar da ke gabansa ba ta ga an auna ta da wani abu ba, sai ta ci gaba da tankaɗenta. Ƙarar ɗaukar ma da ƙyar ake jin ta. Ita kuwa Hasselblad, madubin cikinta ƙwas yake bugawa, kowa ya waiwayo. Da Rolleiflex Bafaranshen nan Pierre Verger ya shafe shekaru yana kai da komo tsakanin Bahia ta Barazil da ƙasar Yarbawa, kuma da ita Malick Sidibé ya ɗauki samari da 'yan matan Bamako a shagonsa.

Sai batun ƙura. Hasselblad gunduwa-gunduwa take, ana cire idonta, ana cire gidan fim. A ɗakin hoto wannan alheri ne. A cikin hazon hunturu kuwa, kowace buɗewa ƙofa ce ga ƙura. Idanun Rolleiflex a kafe suke, kuma tsofaffin samfuranta ba sa neman batir.

Rolleiflex ma tana da nata aibi. Hagu kan koma dama a gilashin leƙawa, sabon hannu sai ya yi ta bin akuya ta inda ba ta nufa ba. Idan aka matso kusa ƙwarai, abin da idon sama ya gani ba daidai yake da na ƙasa ba. Ido kuma ba ya canzuwa. Mamiya C330 ta magance wannan, sai dai ta haura kilo ɗaya da rabi. Mamiya 6 ta 1989 ba nauyi, amma batir na mutuwa aiki ya tsaya.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Yashica Mat-124G, ta Japan, wadda aka daina ƙerawa a 1986. Kafin ya biya ya haska idanunta da tocila ko sun yi fumfuna. Kafin ya hau mota kuma ya ɗauki naɗi guda a gida, ya kai a wanke, domin a fim ɗin ne ake gane ko haske na kutsawa ta gefen murfi.