Hutu a Jirgin Ruwa da 'Ya'ya Matasa: Wa Aka Bar wa Kiwo?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore wa ɗan Adam teku, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami a yau wata magana ce da na ji a wurin walimar suna, a cikin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna nan Ingila. Ana cikin hirar inda za a kai iyali hutun bazara, sai wani bawan Allah ya gyara zama ya ce: "Alhaji, mai yara matasa ba shi da hutun da ya wuce na jirgin ruwa. Ka biya kuɗi, ka saki yara, ka kwanta ka yi barcinka. Ina za su? Ruwa ne gaba da baya." Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa na sunkuyar da nawa, domin da wannan hujjar ce na yaudari kaina a shekarar 2023, na ɗebi uwargida da ɗana mai shekara 16 da ƙanwarsa mai 14 muka shiga jirgin shaƙatawa na kwana bakwai a Bahar Rum. Ina so in warware wannan magana, saboda na tabbata ƙarya ce mai kama da gaskiya, kuma irin wannan ta fi tsagwaron ƙarya ɓarna.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce hawa teku haramun ba ne, kuma ban ce shaƙatawa da iyali laifi ba ce. Sahabbai sun tsallaka Bahar Maliya a jirgi zuwa Habasha. Masu tafiya a teku sun tambayi Manzon Allah (SAW) game da alwala da ruwansa, ya tabbatar musu da tsarkinsa da halaccin abin da ke cikinsa. Ummu Haram 'yar Milhan ta hau jirgi zuwa tsibirin Ƙubrus a zamanin Sayyidina Usman, a can ma ta rasu. Addinin da wannan ne tarihinsa ba ya ƙyamar teku. Rigimata da wani abu ne daban, wato tunanin cewa akwai wurin da uba zai biya kuɗi a sauke masa nauyin kiwon 'ya'yansa na mako guda.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kada ya ɗauka jirgi ne irin wanda ya saba gani a hoto. Gari ne sukutum yake tafiya a kan ruwa. Jirgin nan mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. A shekarar 2023 kaɗai, sama da mutum miliyan 31 ne suka yi irin wannan yawo a duniya. Namu jirgin bai kai wancan girma ba, amma duk da haka mutanen cikinsa sun fi na unguwar da na tashi a cikinta yawa. To, wane uba ne mai hankali zai sauka a baƙon gari mai mutum dubu biyar, wanda bai san kowa a cikinsa ba, ga mashaya a kusan kowane hawa, ga gidan caca, ga gidan rawa, sannan ya ce wa 'yarsa budurwa ta je ta yi yawonta sai ƙarfe ɗayan dare? Babu. Amma da zarar an ɗora garin nan a kan ruwa sai mu ce amintacce ne, wai don ba shi da ƙofar fita. Mun manta cewa rashin ƙofar fita bai hana ɓarna ba, tara ta ya yi wuri guda tare da yaran.

Tsoron da muka shiga jirgi da shi ma ba shi ne abin tsoron ba. Uwargida tana tuna Costa Concordia, wanda ya daki dutse ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Ni kuma ina tuna Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan a 2020, inda sama da mutum 700 suka kamu da korona. Kafin jirgi ya tashi, doka ta wajabta a nuna wa kowane fasinja wurin da zai taru da jama'a idan haɗari ya auku, da yadda ake ɗaura rigar ceto. Mun je, mun saurara da kyau, na sa yara suka maimaita mini lambar wurin. Subhanallahi! Na tsara inda za mu haɗu idan jirgi zai nutse, amma ban tsara inda za mu haɗu idan lokacin Magariba ya yi ba.

Sai da muka kwana biyu na fara gane yadda aka tsara wurin. Kowa katinsa a hannunsa, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuma kuɗi, ana shafa shi a sayi abu, lissafi yana tafiya asusun uba. Yara ɗakinsu daban. Akwai kulob na matasa, an kasa su gida-gida bisa shekaru, kuma babban abin da ake tallata shi da shi shi ne cewa manya ba sa zama a ciki. Matashi ya shiga lokacin da ya so, ya fita lokacin da ya ga dama, babu mai kiran uba ya sanar da shi. Gidan caca a rufe yake muddin jirgi na tasha, amma da an nausa cikin teku sai a buɗe, kuma an ajiye shi ne a kan hanyar da ake bi daga wurin cin abinci zuwa zauren wasanni, ta yadda ko ba ka so sai ka ratsa ta cikinsa da iyalinka. A jiragen da ke yawo a Turai galibi ɗan shekara 18 yana iya sayen giya, kuma babu abin da ya raba ɗan 18 da ɗan 16 a bakin wurin ninkaya in ban da kati. Mai karatu, kamfani bai ɓoye komai ba. Hajarsa ke nan: iyaye su huta da yara, yara su huta da iyaye. Ni ne na saya da idona biyu.

A dare na uku, bayan mun baro Genoa, na farka wajen ƙarfe ɗaya da rabi, na ce bari in leƙa yara. Yarinyar na barci, gadon yayanta kuwa ko zama ba a yi a kansa ba. Na bi hawa-hawa ina nema, ƙafata babu takalmi, har na kai can saman jirgi ta baya. Na same shi a tsakiyar samari da 'yan mata, kofuna a gabansu, wata ta jingina da kafaɗarsa. Da ya gan ni ya miƙe. Ban yi masa faɗa a gaban mutane ba, na dai ce ya zo mu tafi. A hanya ya rantse mini cewa lemo ne a kofinsa, na kuma yarda da shi, har yau ban fasa ba. Amma da na fara yi masa nasiha sai ya ce: "Abba, ai kai ka ce mu je mu ji daɗinmu, kada mu dame ku." Wallahi bakina ya mutu, domin kalmomina ne ya maido mini ba ƙari ba ragi. A nan ne kuma na gano cewa tun da muka shiga jirgi bai yi sallar Asuba a kan lokaci ba, ni kuwa ban tambaya ba, saboda ni ma ina hutu.

Na san abin da masu musu za su ce. Za su ce akwai kyamarori ko'ina, akwai masu gadi, akwai dokar hana yara yawo bayan tsakar dare. Haka ne. Amma kyamara shaida take bayarwa bayan an yi ɓarna, mai gadi kuwa dukiyar kamfani da sunansa aka ɗauke shi ya tsare, ba sallar ɗanka ko kunyar 'yarka ba. Ba banza ba majalisar Amurka ta kafa doka a 2010 wadda ta tilasta wa kamfanonin jiragen nan su riƙa kai rahoton manyan laifuka, su kuma sanya ƴar kafar leƙe a ƙofar kowane ɗaki. A cikin alƙaluman da ma'aikatar sufurin ƙasar ke fitarwa, cin zarafin da ya shafi lalata shi ne laifin da aka fi kai ƙara a kansa, kuma cikin waɗanda abin ke rutsawa da su akwai 'yan ƙasa da shekara 18. Ƙari a kan haka, akasarin jiragen suna da rajista ne a ƙasashe irin su Bahamas da Panama da Malta, don haka idan wani abu ya faru a tsakiyar teku, tantance hukumar da ke da hurumin bincike ma aiki ne.

Wasu kuma za su ce: "Malam, ka cika tsanani. Yaron da aka yi wa tarbiyya ai ko'ina aka kai shi zai riƙe kansa." Ina tambayarsu: tarbiyya rumbu ce da ake cikawa sau ɗaya a rufe? Mu manya da furfurarmu, nawa ne cikinmu za su kwana bakwai a irin wannan wuri idonsu da zuciyarsu su fito lafiya? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Allah Ya umarce mu a Suratut Tahrim da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, Annabi (SAW) kuma ya sanar da mu cewa kowa makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa, ban kuwa taɓa jin malamin da ya ce an yi rangwame a wannan ga matafiyi ba. Matafiyi an yi masa rangwamen ƙasaru da haɗa salla da ajiye azumi, amma ba a sauke masa amana ba.

Babu abin da ya riƙa yi mini yawo a zuciya kamar hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Bukhari ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya buga misali da mutanen da suka raba jirgi, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka yi niyyar huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba; in an bar su kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Dubi hujjar masu hudawar, kada su dami kowa. Ita ce dai hujjar da na bai wa 'ya'yana. Wanda ya farkar da ni kuwa wani bawan Allah ne ɗan Indunusiya mai gyara mana ɗaki, ɗaya daga cikin dubban ma'aikatan da ke kwana a can ƙasan jirgi, suna wata da watanni ba su ga iyalansu ba. Ya ga darduma a ɗakina, sai ya nuna mini tashar talabijin da ke nuna inda jirgi ya dosa, ya koya mini yadda yake gane alƙibla da ita. Mutumin da ke aiki tun safe har dare bai bar sallarsa ba, ni da na zo hutu na bar ta ɗana.

Daga ranar na sake tsari. Asuba da Magariba da Isha'i a ɗakina, cikin jam'i, mu huɗu. Abinci tare, kifi da ganye, tunda ban nemi na halal tun kafin tafiya ba kamar yadda ya kamata. Kulob da rana kawai, kuma na san da wa suke. An yi fushi, an kumbura, ban janye ba. Da muka isa Palermo a tsibirin Sisili, sai na ƙi barinsu a jirgi, muka shiga gari da ƙafa. Na ba su labarin Asadu ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan kuma almajirin Imamu Malik, wanda ya jagoranci rundunar da ta tsallako teku zuwa tsibirin a shekarar 827, da yadda Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, da yadda Idirisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a nan a 1154. A ƙofar babban cocin garin, wanda a da masallaci ne a wurin, akwai ginshiƙi mai ɗauke da rubutun ayar Alƙur'ani. Yarinyata ta tsaya tana haɗa baƙaƙen, yayanta na gyara mata. Yau in aka yi hirar tafiyar a gidana, wannan ranar suke ambato, ba kulob ba.

Saboda haka ba na tare da masu cewa a kulle yara a gida a hana su ganin duniya, wannan ma gudun nauyi ne da wata riga. An ce tun watan Disambar 2024 jirgin Aroya na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda, babu giya babu caca, kuma wannan sauƙi ne abin godiya. Amma ko jirgin da limamai ke tuƙawa ka shiga, ɗanka naka ne. In za ka tafi, ka tafi da niyyar za ka fi kusa da su fiye da yadda kake a gida: ɗaki mai ƙofa a tsakani, lokutan haɗuwa sanannu, iyaka a kan katin kuɗi, da magana ta gaskiya tun kafin a bar gida. In kuwa barci kake nema, ka bar su wurin kakarsu, ya fi maka araha duniya da lahira.

Ɗan'uwana mai maganar walima, idan wannan ya riske ka, ka yi mini afuwa, ba da kai nake ba, da kaina nake. Gemuna ne ya kama da wuta, shi ya sa nake cewa ka shafa wa naka ruwa. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su zama sanyin idanunmu, Ya yafe mana sakacinmu. Wassalamu alaikum.